Jummai Ba Ta Yi Ƙarya Ba

"Ka hidda akwatin nan daga ɗakina, Baban Sani, ko ni in hita."

Hamza bai ɗago ba. Yana tsugune yana ninke rigunan da zai tafi cin rani da su ranar Asabar.

"Akwati bai mari kowa ba, Ruƙayya."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Sai ta huce a kan tsintsiya, ta hau sharar ɗakin da ta riga ta share.

Akwatin da ake rigima a kansa tele ce, wato talabijin ƙarama, da bidiyo. Bara Hamza ya sayo su a Katsina, da kaset uku na tsofaffin finafinan Indiya, irin waɗanda ya kalla a silimar Maraɗi tun yana saurayi. Batirin mota ke kunna su. Duk Juma'a bayan la'asar a shimfiɗa tabarma, a zubo dafaffiyar gyaɗa, 'yarsu Jummai mai shekara shida da ƙanenta Sani su miƙe ƙafa. Ba mai jin yaren a gidan. Hamza ne tafinta, kuma fassararsa kowane mako da irin tata. Da an soma waƙa yara su zabura su hau rawa. Ruƙayya kuwa ta zauna bakin ƙofa wai tana tsintar wake, wake ɗaya sai ya yi rabin awa a hannunta.

Ta so zaman nan ƙwarai. Ba ta dai taɓa faɗa ba.

Wata rana da azahar batir ya mutu, yara sun kwanta. Hamza ya ɗauko waƙar da bakinsa, da muryar nan tasa da ko kwaɗin tabki ba za su yi mata amshi ba. Ya kamo hannunta. Ta ƙwace, ta ɓuya bayan labule tana leƙowa kamar yadda yarinyar fim ke yi a bayan itace. Ya ce mata hasken idona. Ita kuma dariya ta ci ƙarfinta, ta kira shi da sunansa, sunan da shekara takwas ba ta taɓa bari wani ya ji a bakinta ba.

Ashe mai ido biyu na kwance a kan tabarma.

Ranar Litinin baƙi suka zo daga garin Sarkin Yamma gaida surukinta, Baba Abarshi. Ruƙayya ta kai fura zaure, ta durƙusa kai a sunkuye. Tsohon yana wasa da jikarsa, da ma amaryata yake ce mata, ya tambaye ta me ta koyo a akwatin ubanta. Jummai ta janyo Sani tsakiyar zaure, ta yafa ɗankwali.

"Ni ce Inna, kai ne Baba."

Sani ya kama hannunta ya ce, "Hasken idona..."

Ta ƙwace, ta laɓe bayan ƙyaure, ta leƙo tana karya wuya. "Hamza, sake ni mana..." Sannan ta dubi kakanta da alfahari. "Haka Inna ke yi in mun yi kwana."

Wani baƙo ya shaƙe da fura. Wani ya hau duban rufin zaure kamar shi aka ɗauko gyaransa. Ruƙayya ta so ƙasa ta tsage ta shige, ƙasa kuwa ba ta san wannan alfarma ba. Kafin ta ankara hannunta ya sauka a kuncin yarinyar.

"Ƙarya take yi, Baba. A akwati ta gani."

Tsohon ya so ya rufa asiri da raha. Ya ce ashe amaryar tasa maƙaryaciya ce, to ya fasa auren. Aka yi dariyar dole, aka watse.

Manya sun san wasa ne. Jummai ba ta sani ba.

Kwana uku ke nan ba ta rera komai ba. Ba ta zuwa zaure karɓar ɗan kifin da kakanta ke ajiye mata. 'Ya'yan gidan sun kai labari makarantar allo, can ma mai ƙarya ake ce mata. In an zuba tuwo sai ta ja kwanonta ta fuskanci bango.

Ruƙayya na ganin duk wannan, shi ya sa ta ɗora wa akwati laifi.

Hamza ya ɗaure bakin jakarsa, sai yanzu ya dube ta.

"Kin san abin da ya hi ƙona mini rai?"

"Marin ne. Na sani."

"Marin da zahi. Amma kin ce ƙarya ce."

"To mi kake so in ce gaban Baba? In ce e, rawa nike yi da ɗanka?"

"Da kin yi shiru."

"Kai namiji ne, ba ka san kunyar suruki ba..."

"Na san ta. Abin da ban sani ba, ko son da kike yi mini ma a akwati kinka gani."

Ya fita zuwa lambunsa na bakin tabki. Bai dawo cin tuwon rana ba.

Juma'a ta zo, aka yi la'asar, ba wanda ya shimfiɗa tabarma. Sani ya yi ta zagaya akwatin har ya gaji ya tafi wasa. Ruƙayya na bakin murhu tana iza wuta sai ta ji motsi a bayanta. Jummai ce tsaye, ta harɗe hannuwa a baya. 'Yar fari ce, Ruƙayya ba ta kiran sunanta, ba ta kuma saba janyo ta jiki ba, don haka ta ce mata kawai mene ne.

"Inna... mafarki na yi ko?"

"Wane mafarki?"

"Da na gan ki bayan labule. Na ɗauka idona biyu. Ki yi haƙuri, ban ƙara yin irin wannan mafarkin."

Iccen da ke hannun Ruƙayya ya faɗi. Kunyar zaure ta zama ba komai ba a kan wannan. Yarinya ta ga gaskiya da idonta, uwarta ta sa ta ƙaryata idon, har tana ba da haƙuri. Hawaye suka zubo mata, ba ta tsaya sharewa ba. Ta ja mayafi, ta kama hannun 'yarta.

Tsakanin murhu da zaure taku ashirin ne, amma sau biyu ƙafarta na neman komawa. Tunda aka kawo ta gidan nan daga Gabi, ban da gaisuwa ba ta taɓa haɗa magana da surukinta ba.

Baba Abarshi na zaune kan buzu da carbi. Ta durƙusa nesa, ta rufe fuska da mayafi.

"Baba, na zo in gyara magana."

"Ina jin ki, ɗiyata."

"Jummai ba ta yi ƙarya ba." Sunan ya fito mata da nauyi, amma ta ci gaba. "Abin da ta nuna... haka anka yi. Ni ce na yi ƙarya, na kuma mare ta a banza."

Tsohon ya kau da kai, ya yi tarin da ba na ciwo ba. Shi ma kunyar ta kama shi. Ya ja carbi, ya ce tun ranar ya sani, yaro bai iya ƙaga abu haka.

"Allah shi bar ku tare. Amma a riƙa tura yara ɗakin kakarsu."

Sannan ya miƙa wa jikarsa hannu. "Zo nan, amarya. Uwarki ta wanke ki, na maida aurena."

Jummai ba ta ruga ba. Ta ɗaga kai ta dubi uwarta tukuna.

"Ba mafarki ba ne, Inna?"

"Ba mafarki ba ne."

Sai ta sake ta, ta faɗa jikin kakanta tana kuka.

Ruƙayya ta miƙe ba ta ko ganin gabanta. Tana fitowa daga zaure ta yi kiciɓis da Hamza a jikin bango, fartanya a kafaɗa, ƙafa duk laka. Ganin idonsa ta san ya ji komai. Ta ƙara jan mayafi, ta nemi raɓawa ta wuce, ya tare hanya.

"Ka matsa, don Allah, mutane na gani..."

"Na ji da kunnena, masoyiyata. Ki yahe mini abin da na ce."

"Ni zan roƙe ka. Bari in je in ƙarasa maka guzuri, gobe da sassafe za ka tashi."

Ya sauke fartanyar ya jingine ta.

"Motar Jibiya kullum akwai ta," in ji shi. "Sai wani mako."