Saiwar Wake a Gonar Aro

A can wani zamani, an yi wani baƙo marar gona. Wata tsohuwa ta ara masa tata na damina ɗaya, gonar da ta gaji har ta daina yin gero. Ya shuka wake.

Da kaka, wani maƙwabci ya tarar da shi a duƙe, yana yankan harawa da lauje, tushe bayan tushe. Ya ce, "Malam, tuge ta mana ka huta! Gonar ba taka ba ce."

Baƙo ya tono saiwa ɗaya, ya nuna masa ƙululun jikinta. Ya ce, "Wasu ƙananan halittu ke zaune a ciki, suna ɗebo wa ƙasa abinci daga iska. Harawa tawa ce, saiwa ta ƙasa ce."

Bayansa ya ƙage, amma bai tuge ba. Ya mayar da gona, ya ƙara gaba.

Kafin wata damina tsohuwa ta rasu, ta bar jikoki marayu. Suka shuka gero a gonar, rumbu ya cika. Har suka girma, ba su san sunan baƙon ba.