Satar Tubalan Kaki a Gure

Da hantsi Madam Rahama, injiniyar da ta zo daga Yamai, ta faɗo ofishin jandarmomin Gure ko sallama babu.

"Shef, an kwashe tubalaina!"

Shef Fannami ya ɗauki hularsa ya bi ta da sauri zuwa ɗakin maganin dabbobi. Bango ɗaya fayau, babu tubalan da take gwadawa a jikinsa, kwaɗon ƙofa kuwa lafiya lau. Tubalan, in ji Rahama, kakin kyandir ne aka cakuɗa da roba. Da rana kakin ya narke a ciki ya shanye zafi, da dare ya daskare, amma ko ɗigo ba ya zuba. In babu su, firjin kananzir ba zai iya da bazara ba, sai allurar shanun yankin Alakos ta lalace.

Fannami ya fara da Baba Ibram mai gadi.

"Jiya ina Gidigir wurin jana'iza, Shef. Tambayi liman."

Liman ya tabbatar. Sai Kaltumi mai yin kyandir.

"Kakin da ba ya zuba, Shef, me zan yi da shi?"

Fannami ya buga cinya. Lalle ɓarawon ba kaki yake so ba, sanyi yake so!

Da azahar, rana na ƙuna, ya kutsa kasuwa yana leƙa ƙoren man shanu. Ko'ina mai ya zama ruwa, sai a shagon Sufiyanu: curi-curi, a daskare, mata na rububi. Ya yaye tabarmar da ke jikin akwatin man. Ga tubala jere!

"Wa ya ba ka?"

Sufiyanu ya kalli ƙasa. "Ƙanena Jibirin."

Direban Rahama ke nan. Aka kawo shi yana ta rantse-rantse.

"Bar rantsuwa," in ji Fannami. "Ba a fasa kwaɗo ba, mai mabuɗi ne ya shiga. Mai gadi ba ya gari, ɗayan mabuɗin kuwa yana hannunka. Wanda bai san amfanin tubalan ba kuwa ba zai wahala da ɗaukarsu ba. Kai ka ɗauko su daga Yamai, Madam na yi maka bayani duk hanya."

Jibirin ya amsa laifinsa.

Kafin la'asar tubala sun koma bango. Rahama ta duba allurar, ta daka tsalle. "Tana nan da ranta!"

Fannami ya share gumi. "Madam, in kin gama gwajinki, ofishinmu ma yana da bango."