Wayar Yaya Safara'u a Cikin Rumbu

Da hutun babbar Sallah, Yaya Safara'u ta dawo gida Sule Tankarkar. Ita ce ta fara zuwa jami'a a gidansu. Ƙanwarta Naja'atu, 'yar aji biyar, ta daɗe tana ɗokin zuwanta. Ta tara mata labarai cike da baki. Ko kitson Sallah ta ƙi yarda kowa ya yi mata, wai sai Yaya.

Yaya dai ta zo, amma hankalinta na cikin waya.

A gidan, wuri ɗaya ake samun sabis, jikin katanga kusa da turken awaki. Kullum sai Yaya ta kifa turmi, ta hau, ta ɗaga waya sama. Umma takan yi dariya ta ce ga ladanin gidansu nan ya hau.

Naja'atu kam ba ta ga abin dariya ba. In ta fara labari, sai Yaya ta ce "uhm" ba tare da ta ɗago kai ba. Kitson ma da ido ɗaya aka yi shi, duk tsagar ta karkace. Abin ya yi wa Naja'atu ciwo ƙwarai.

Kwana biyu bayan Sallah, Yaya ta shiga wanka, ta bar wayar a kan tabarma. Naja'atu ta duba hagu, ta duba dama. Ta ɗauke ta, ta kashe, ta cusa ta cikin rumbu tsakanin dammunan gero.

Aka yi nema har aka gaji. Umma ta ce ƙila cikin masu yawon barka da Sallah ne wani ya yi gaba da ita. Ta ƙara da cewa gara ma, ko yatsun Yaya sa huta.

Ranar Naja'atu ta sami abin da take so. Yaya ta tsefe mata kai, ta sake kitson, ta saurari labaranta duka. Sai dai dariyar Yaya ba ta kai ciki ba.

Washegari Yaya ta ƙi cin abinci. Ta zauna a gindin darbejiya ta yi tagumi. Naja'atu ta matso a hankali.

"Yaya, wai me ke cikin wayar nan ne haka?"

Yaya ta ce su kusan ɗari huɗu ne a aji. Wanda ya zauna a baya ba ya jin malami. Na gaba ne ke ɗaukar hoton allo, su tura a zauren ajinsu na Wasaf. A nan ake raba littattafan da suka fi ƙarfin aljihu. A nan wanda bai gane darasi ba yake tambaya. A nan monita yake sanar da duk wani canji.

"Kuma ranar da na fara zuwa, ban san kowa ba," in ji ta. "Na kwana uku ina kukan gida. A zauren ne na haɗu da Asama'u 'yar Maigatari, muka riƙa rarrashin juna."

Sannan ta faɗi abin da ya fi damun ta. An ce za a iya matso da wata jarrabawa, kuma a zauren za a faɗi ranar. Wanda bai rubuta ba, sai ya jira baɗi. Ga shi lambobin 'yan ajinsu duk suna cikin wayar, ko ɗaya ba ta haddace ba.

Naja'atu ta gane ɓarnar da ta yi. Ta so ta yi shiru, don tana tsoron duka. Amma da ta ga hawaye a idon Yaya, sai ta kasa.

"Ni ce na ɓoye ta. Tana cikin rumbu."

Yaya ba ta tsaya faɗa ba. Ta zaro wayar, ta hure ƙaiƙayi, ta kunna, ta haye turmi. Saƙonni suka yi ta shigowa. Asama'u kaɗai ta turo sun fi ashirin. An matso da jarrabawar, gobe ne ƙarfe takwas na safe. Ga shi har an yi la'asar.

Nan da nan aka kira Baffa Ubale, ƙanen Baba. Ya ɗauki Yaya a babur zuwa Gumel, ko Allah zai sa su tarar da motar ƙarshe. Ko sallama ba su yi da Naja'atu ba.

Umma ta dube ta, ta ce, "Ba zan dake ki ba. Zauna ki jira labari tare da mu."

Jiran nan ya fi bulala zafi. Baffa ya dawo ya ce ta sami mota, amma tsohuwa ce, sai da aka tura ta. Da safe Naja'atu ko koko ta kasa sha. Ta zauna kusa da ƙaramar wayar Baba da aka ajiye a kan katangar nan mai sabis, tana ta addu'a.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara. Yaya ce. Motar ta lalace a hanya, amma ta isa, ta kuma rubuta jarrabawar. Sai ta ce a ba ta Naja'atu.

"Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe, Naja. Ni ma ki yafe mini. Wayar tana da amfani, amma na bar ta ta raba ni da ke. In na dawo, daga la'asar zuwa magariba naki ne."

Naja'atu ta fashe da kukan daɗi. Umma ta jawo ta jikinta, ta ce, "Kin ga, abin da ba ki san amfaninsa ba, tambaya ake yi, ba ɓoyewa ba. In kuma ranki ya ɓaci, ki faɗa da baki. Saura ƙiris ki sa yayarki ta yi asarar shekara guda, alhali so ne ya sa ki."