Jan Mayafi a Kan Dutsen Tafki

Da la'asar sakaliya Ermek ya saɓa kyamararsa, ya ce wa mahaifiyarsa Burul ta bar tatsar goɗiyar nan ta biyo shi.

Kwanansa tara da dawowa daga Mosko bayan shekara bakwai, amma tuni zaman ya gundure shi. Abu ɗaya ya riƙe shi a makiyayar nan ta kan duwatsu: tafkin da ke bayan tantinsu. Ya ɗauke shi hoto da asuba, ya ɗauke shi da rana tsaka. Ya kwanta rub-da-ciki ya sa tsakuwa a gaba, ya rage sama ya ƙara ruwa. Duk hotunan sun fito lami. Wanda ya koya masa aikin ya sha faɗa masa cewa sai an tsayar da mutum a gefe ido ke gane girman tsauni.

"Yafa jan mayafin nan, Apa," ya ce, yadda suke kiran uwa a can.

"Na biki ne fa, ɗan nan."

"Bikin wa ya rage miki? Yafa kawai."

Ta yafa, ta biyo shi tana ɗingishi. Da ta ga inda yake nuna mata, wani faffaɗan dutse taku biyar cikin ruwa, sai ta ja ta tsaya. Kowa a makiyayar ya san da zarar inuwar tsauni ta sauka kan tafkin, ba a barin fuska ta faɗa cikin ruwansa. Mata masu ɗiban ruwa da baya suke matsowa, su miƙa guga ba waiwaye. Ko doki sai an kawar masa da kai.

"Bari sai da safe," ta ce ƙasa-ƙasa. "Masu ruwan sun kusa tashi."

Ya kwashe da dariya. "Shekara sittin kina tsoron kududdufi! Shi ya sa kuka tsufa kuna warin tumaki. Minti biyu ne. Ko ki hau, ko gobe in bi motar madara, kuma wallahi ko jana'izarki ba za a gan ni ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta cire takalmanta, ta jera su a kan ciyawa, ta shiga.

Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne. Yana jin yadda numfashinta ke sarƙewa har ta rarrafa ta hau dutsen. Shi kuwa ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya manna ido.

"Matsa hagu. Hagu na ce, ko kin kurmance ne? Sauke hannun nan daga fuskarki. Biyu nake so ki fito, ɗaya sama ɗaya a ruwa."

"Ermek, ɗana..."

"Kalli ruwan!"

Ta kalla.

Iska ta ɗauke cak. Karnukan makiyaya suka yi tsit. Wani wari ya taso daga tafkin, irin na rigar ulu da ta shekara a jiƙe.

A cikin kyamara kuwa komai ya zauna daidai. Kan tsauni ya yi ja kamar garwashi, ruwa baƙi wuluk, ga jan ɗigo ɗaya a gefen dama. Ya danna.

Sai ya lura.

Apa ta kan dutse tana tsaye ƙiƙam, hannayenta a ƙirji. Ta cikin ruwa kuwa fizge-fizge take yi. Wasu fuskoki sun kewaye ta, dogaye, farare fat. Sun riƙe gefen mayafinta suna ja ƙasa a hankali.

Sunansa take kira. Ya gane daga motsin leɓɓanta.

Taku goma ne tsakaninsu. Hasken kuma saura ƙiris ya mutu.

Ya danna.

Ya ɗan gyara, ya sake dannawa.

Ɗaya daga cikin fuskokin ta juyo ta dube shi ta cikin gilashin. Ta yi masa murmushi, irin wanda mahauci ke yi wa wanda ya riƙe masa ƙafar rago.

Sai a lokacin ya ruga. Ya runtse ido ya faɗa ruwa, ya lalubi ƙugunta ya sungume ta. Ba nauyi, kamar buhun da aka zazzage.

Yatsu suka kama idon sawunsa.

Ya fizge. Yatsun suka tafi da fatar wurin.

Shi da ita suka zube kan tsakuwa.

Burul ba ta mutu ba. Washegari ta tatsi goɗiyarta, ta hura wuta. An kawo mai addu'a daga kwari, ya duba idanunta, ya juya ya dubi Ermek, ya hau dokinsa ko shayi bai sha ba.

Da hantsi ta shimfiɗa wa Ermek sabon bargo a can ƙuryar tanti, inda ake zaunar da manyan baƙi. Ta ajiye masa burodi da man shanu, ta miƙa masa shayi da hannu biyu.

"An ce daga Mosko kake, bawan Allah?"

"Apa, ni ne."

Ta yi murmushin ladabi, ta gyara zama.

"Ina da ɗa a can, sunansa Ermek. Yaro ne mai tausayi, ko rago ba ya iya kallon ana yankawa. Idan ka koma ka gan shi, don Allah ka ce masa ya zo gida."