Rami Na Goma

Ku matso kusa, ku rage murya. A kan tsaunukan kudu abin ya faru, can inda gajimare ke saukowa ya kwanta bisa ciyawa.

Malam Tanimu likitan dabbobi ne. Da ya yi ritaya sai ya koyi wasan golf, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, don motsa jiki. Filin da yake zuwa yana ƙolin tsauni, kurmi ya kewaye shi, ramukansa tara ne kacal. Ran nan abokin wasansa bai zo ba. Bayan la'asar ya saɓi jakar sandunansa, ya hau shi kaɗai.

A rami na bakwai ƙwallonsa ta faɗa kurmi. Ya kutsa nema. Tsuntsaye suka yi tsit.

"Ga ta nan, Malam."

Wani dogon dattijo ne tsaye a gabansa, farar riga har ƙasa, ƙwallon a tafin hannunsa. Amma muryar daga bayan Tanimu ta fito. Ya waiga. Ba kowa.

"Na gode, Baba. A nan kake aiki?"

"A nan nake. Mu ƙarasa tare."

Tanimu ya ji kunyar ƙi. Suka buga na takwas, suka buga na tara. In dattijon ya buga da baƙar sandarsa, ko ƙara ba a ji, sai dai ka ga ƙwallo ta faɗa rami.

"To, Baba, wasa ya ƙare."

"Da saura."

Ya nuna gaba. Ga wata tuta irin ta bakin rami can cikin gajimare, baƙa, tana kaɗawa ba iska. Ƙafafun Tanimu suka bi shi ba da son ransa ba. Na goma. Na sha ɗaya. Hanya sai gangarawa take, itatuwa suna ƙara matsowa. Ya dubi jiƙaƙƙiyar ciyawar da suka tako. Sawun mutum ɗaya ne. Nasa.

"Saura ɗaya mu isa gida," in ji muryar, dab da ƙeyarsa.

Ramin gaban ba na ƙwallo ba ne. Tsawonsa tsawon mutum.

Da ƙyar harshensa ya motsa, ya kama Ayatul Kursiyyu. Ya saki jakar, ya riƙa ja da baya, yana karantawa yana tuntuɓe, har ya jiyo kukan shanu.

Wata Bafillatana mai tallar nono ce ta tsince shi a gefen rafi. Shi a ganinsa ko magariba ba a yi ba. Ashe kwana shida iyalinsa suna nemansa.

Ya tattara ya koma garinsu, tafiyar yini guda a mota. Wata safiya ya buɗe ƙofa, ya tarar da jakar a jingine, sharkaf da raɓa. A cikinta har da wata baƙar sanda da ba tasa ba.

Don haka in kun je tsaunin nan, kada wanda ya hau filin shi kaɗai. In kun buga na tara, ku juyo gida.