Ranar da Oba-oba Ta Yi Shiru

A wancan zamanin wayar salula ba ta iso garinsu ba. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ke zaune da iyayenta a bakin wani babban tafki. Babanta direban jirgin ruwa ne. Kullum yana kai mutane tsallake, inda kasuwa da asibiti suke.

Baba yana da wayar oba-oba guda biyu, baƙaƙe, masu doguwar eriya. Ɗaya tana ƙugunsa, ɗaya tana kan taga a gida. Da rana sai ka ji ta yi ƙarrr, muryarsa ta fito: "Gida, gida, kuna ji na? A ajiye mini abincina. Oba!" Kai, kwanaki ne masu daɗi.

Gidan babu lantarki. Da ɗan farantin sola ake yi wa wayar caji. Aikin yarinyar ne ta fitar da shi rana kowace safiya, ta goge shi, ta jona wayar.

Wata Asabar ta wanke kayan makaranta. Igiyar shanya ta cika. Ta taɓa farantin, ta ji ya ɗau zafi. Sai ta shimfiɗa jiƙaƙƙiyar rigarta a kansa, ta tafi wasa. Ta manta shaf.

Da la'asar hadari ya haɗu. Mama, wadda ke da tsohon ciki, ta dafa bango tana cije leɓe.

"Kira Babanki," in ji ta. "Ki ce lokaci ya yi, ya zo ya kai ni asibiti."

Yarinyar ta danna wayar. Shiru. Ta sake dannawa. Ko ƙyas!

"Mama, ni ce," ta faɗa cikin kuka. "Na rufe farantin da rigata."

"Ba lokacin kuka ba ne. Ruga ki kira Kaka."

Kakanta tsohon mai gyaran rediyo ne. Ya zo a kan kekensa yana haki, da jakar kayan aiki a wuya. Ya dubi sama, babu rana. Ya zare baturan tocilarsa ya gwada su a wayar, ba ta kama ba.

"Waɗannan sun fi ni tsufa," ya ce.

Sai ya kife kekensa a tsakar gida. Ya ciro wayoyi daga ɗan injin da ke ba fitilar keken wuta. Ya haɗa su da wani ɗan akwatin daidaita wuta da ya ciro daga jakarsa, ya jona da oba-oba.

"To, amaryata, kama feda ki juya. Wadda ta zubar, ita ke kwashewa."

Ta kama da hannu biyu tana juyawa. Taya na ta wulwulawa. Gumi ya jiƙa ta, kafaɗunta kamar za su cire. Daga ɗaki tana jin nishin Mama.

"Kaka, na gaji!"

"Ragguwar amarya ba ta shiga gidana. Juya!"

Can sai 'yar fitila ja ta jikin wayar ta ƙyafta. Kaka ya danna. "Jirgi, jirgi, zo gida maza. Oba!"

"Ga ni nan tafe!" in ji muryar Baba.

Kafin ruwa ya sauko, sun tsallaka da Mama. Washegari Baba ya dawo yana murmushi.

"Uwata, kin samu ƙane."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe mini."

Ya dafa kanta. "Na yafe. Kin faɗi gaskiya, kuma kin gyara da hannunki. Amma ki riƙe wannan: babu ƙaramin aiki. Abin da aka ba ki amana, ki kula da shi tun kafin ranar buƙata."

Yanzu ta girma. Kaka ya daɗe da rasuwa. Amma duk ranar da ta ga an kife keke ana gyara, sai ta tsaya ta yi masa addu'a.