Tsarkiyar da Inna ta Ɓoye

Ƙarar da katakon ya yi sa'ad da taɓaryar Iya Baraka ta sauka a kansa, ba a kunne Jimrau ya ji ta ba, a ƙirji ya ji ta! Bugu na biyu ya lotsa gwangwanin, na uku ya ɓalle tsarkiyoyin suka watse cikin rairayin tsakar gida. Yana durƙushe, hannu biyu a ka, yana kallon abin da ya yi wata huɗu yana lallaɓawa ya koma tarkace.

"Ga gitar taka nan, mugun iri!" in ji Iya Baraka, matar ƙanen mahaifinsa, tana haki. "Mun ɗauke ka mun ci da kai, ashe mai gidan za ka kashe saboda kiɗa!"

"Wallahi Iya ban taɓa moton Baba ba... wallahi ko kusa da shi ban je ba!"

"Ruhe man baki!"

Allah sarki, maraya! Shekararsa goma sha ɗaya rijiya ta rufta da mahaifinsa, shekara na zagayowa uwarsa ta bi shi. Tun daga nan ya dawo hannun ƙanen mahaifin nasa, Baba Tanimu, dillalin tumaki, aka cire shi daga lakwal, makarantar boko, aka damƙa masa kurar ruwa da bidon goma, jarkokin tallar ruwa. Amiru, ɗan gidan, sa'ansa ne, amma shi aikinsa wanka da yawo. Mutum biyu kaɗai ke sanyaya wa Jimrau rai a duk faɗin Dakoro: kakarsa Inna, wadda idanunta suka rufe shekara shida da suka wuce, da Intalla, wani dattijon Ba'abzine mai ɗinkin fata a bakin kasuwa. A rumfarsa Jimrau ya fara jin ana kaɗa gitar da yatsu tsura, ya tsaya da kura a rana har ruwan bidon ya yi zafi. Intalla ya haɗa masa tasa da gwangwanin mai da katako, suka warware tsohuwar wayar birkin keke suka yi tsarkiya shida.

"Babban yatsa raƙumi ne," haka Intalla ke cewa kullum. "Yana tahiya kan tsarkiyoyi masu kauri, ba ya tsayawa. Manuni shi ne mai waƙa a bayansa."

Amma ina! Da manuni ya motsa sai raƙumin Jimrau ya durƙushe. Kan yatsunsa na hagu suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Kowace la'asar yakan zauna ƙofar ɗakin Inna yana ta maimaita abu guda, ita kuma tana jan carbi tana tsokanarsa: "Kai mai gidana, raƙumin nan naka gurgu ne? Da wanga kiɗan za ka biya sadakina?"

To, ana nan sai siririyar tsarkiyar ta tsinke. Kwana bakwai gitar tana da giɓi, har Intalla ya buɗe wata tsohuwar jaka ya ciro masa ta gaske, wadda ya sayo a Agadas tun da daɗewa, mai ɗan zoben tagulla a gindi. Jimrau ya ɗaura ta cike da murna. Kwana biyu bayan nan, Baba Tanimu ya ɗaura rago bayan moto, babur ɗinsa, ya nufi kasuwar Sabon Maci. A gangaren bayan gari amalanke ta gitta masa, ya matsa birki... babu! Aka kawo shi gida a kwance, ƙafa ta karye biyu. Mai ɗori bai gama wanke hannu ba Amiru ya fashe da kuka, ya ce shi da idonsa ya ga Jimrau tsugune wajen moton yana zare silin wayar birki, kuma kowa ya duba, ai ga sabuwar tsarkiya nan tana ƙyalli a gitarsa! Abin da ya sa Iya Baraka ta ɗauko taɓarya ke nan.

Daga kan tabarmar jinya Baba Tanimu ya yanke hukunci, ko kallonsa bai yi ba. "Albarkacin yayana ba zan kai ka jandarma ba. Amma ka hita man gida. Kuma kak ka sake ka ce ni ubanka ne."

"Tanimu!" Muryar Inna ce daga ƙofar ɗakinta, tana lalube da sanda. "Yaron nan bai yi ba. Ni na ji..."

"Haba Inna, mi kika gani?" Iya Baraka ta katse ta. "Ke da ko tahin hannunki ba ki gani!"

Hawaye suka bi tamojin fuskar tsohuwar. Jimrau ya rarrafa ya kama ƙafarta. Wa zai kai ta bayan ɗaki? Wa zai dama mata fura yadda take so, ba ƙulalai? Ta dafa kansa ta ce, "Tahi, mai gidana. Allah na gani, Shi idonsa bai ruhe ba."

Intalla ya zo a ranar don ya yi bayani, Iya Baraka ta tsare shi a zaure ta ce ai shi ne ya lalata yaron, ta tura ƙyaure a fuskarsa. Kwana uku Jimrau na rumfar Intalla, ba ci ba magana. In ya gitta, mata su janye ƴaƴansu, samari su nuna shi da baki: ga wanda ya karya ubansa don tsarkiya. Intalla ya miƙa masa tasa gitar don ya ɗan rage zafi, Jimrau ya girgiza kai. "Na bar ta har abada, Baba Intalla. Ya Allah, Kai ka san ban yi ba... Ka wanke ni ko don Inna!"

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ranar da aka fasa gitar, da tsakar gida ta yi shiru lokacin azahar, Inna ta fito da rarrafe tana shafa rairayi da tafin hannu, ƙusa ta soke ta, gwangwani ya yanke ta, har yatsunta suka faɗa kan siririyar waya mai ɗan zobe. Ta naɗe ta a wuyan hannu ƙarƙashin carbi. A rana ta huɗu, da maƙwabta suka cika ɗakin Baba Tanimu don dubiya, ta aika Halimatu maƙwabciyarsu ta kirawo Intalla da Jimrau, da Yakubu mai gyaran moto na bakin tasha, wanda jiya-jiyan nan ya dawo daga sayen kaya a Maraɗi.

Ta zauna a tsakiyar mutane ta kwance tsarkiyar. "Yakubu, kai ne mai ido. Wagga daga birkin moto ta hito?"

Yakubu ya juya ta, ya murza zoben, ya yi dariya. "Inna, wagga ko a mafarki ba ta taɓa ganin moto ba. Ta kanti ce. Ina moton yake?" Aka kai shi zaure. Bai jima ba ya dawo riƙe da wayar birkin, fuskarsa ta canza. "Silinta duk ga su nan, ko ɗaya ba a zare ba. Tsinkewa ta yi aka ƙulla da wayar darni. Kai Amiru! Ba kai ka turo man moton ga ba ana gobe kasuwa, gwiwarka na jini? Ban ce maka ba ni da sabuwa sai na dawo Maraɗi, kada kowa ya hau shi ba?"

Kowa ya juya ya dubi Amiru.

"Ni kuwa ga abin da na ji," in ji Inna a hankali. "Ran nan Tanimu na masallaci, moto ya hita da ƙara, ya dawo ba ƙara, ana tura shi, mai turawa na jan ƙafa. Sai na ji wata na cewa, maza kai shi zaure kada ubanka ya sani. Baraka, kunnena ma ya makance?"

Iya Baraka ta zube ƙasa. Amiru ya nufi ƙofa, Yakubu ya damƙo wuyan rigarsa, nan take ya amsa shi ya faɗi da moton ya ƙulla wayar, yana kuka, wannan karon na gaske.

"Innalillahi..." Baba Tanimu ya yunƙura, zafin ƙafa ya mai da shi. "Jimrau! Zo nan, ɗana... zo! Da wane ido zan dubi yayana gobe kiyama?" Ya rungume shi suna kuka su biyu, mata na share hawaye da gefen mayafi. Wani abu mai nauyi da ya danne ƙirjin Jimrau kwana huɗu ya sauka, har ya ji kamar iska za ta ɗauke shi. Alhamdulillahi! Abin da bakinsa ke iya faɗi ke nan.

A gaban jama'a Iya Baraka ta durƙusa ta roƙi gafarar Inna da ta maraya, sannan aka tura ta gidan iyayenta sai ranar da ƙafar ta warke a duba zancenta. Amiru kuwa tun washegari ya gaji kura da bidon goma, kuma Baba ya rantse damina na sauka Amiru gonarsu ta ƙauyen Mai Yara zai tafi, shi da moto sai kallo.

Da mutane suka watse, Baba Tanimu ya karɓi tsinkakkiyar wayar daga hannun Yakubu ya miƙa wa Jimrau. "Tsarkiya nawa za ta yi?"

"Biyar, Baba."

"Ga ta shida hannun Inna. Samo katako, ni ina kwance ba aikin komi, ni zan feƙe maka."

Bayan sati biyu, da la'asar, Jimrau ya zauna tsakanin ƙofar Inna da tabarmar Baba da sabuwar gitar a cinya. Ya saki babban yatsa kan masu kauri, ya ɗora manuni kan tsarkiyar mai zobe... manuni ya yi waƙa, raƙumi bai tsaya ba! Ya zagayo, ya sake zagayowa, hawaye na ɗiga kan gwangwanin, bai yarda ya ɗaga hannu ya share ba.

Inna ta ajiye carbi, ta karkata kunne.

"Tanimu, ka ji?" ta ce. "Gurgun raƙumin mai gidana ya miƙe. Saura kai."